Numfashin Baba a Kan Allo

Juma'a, ƙarfe goma da kwata na safe

Masu gaisuwa sun ɗan ragu, shi ya sa na samu na zauna. Yaya ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta waɗanda suka zo don mu san wa za mu yi wa godiya. Na cika shafi ɗaya na gaji. Kowa ya zo, Allah ya saka masa.

Abin da zan rubuta daban ne. Kawu, abokin Baba mai gyaran na'urorin asibiti, ya ce in haɗa masa kayansa idan na samu sarari: faifan roba da muka shimfiɗa a ƙarƙashin katifa, da ɗan akwatin da ke ƙirga numfashi, da dogon kebul mai fil tara da ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya zo falo ya shiga bayan tsohuwar kwamfuta. Manhajar da ke karanta abin da akwatin ke aikowa ni na rubuta ta cikin kwana huɗu, har ina yi wa Yaya burga. Taga ɗaya ce tak take buɗewa a allo. Lamba babba a tsakiya, layi mai hawa da sauka a ƙasa, bango kore idan lafiya.

Tun ranar Talatar da Baba ya rasu ban taɓa kwamfutar ba. Allon ya yi baƙi da kansa kamar yadda ya saba. Ɗazu ina laluben bakin kebul na ture linzamin kwamfutar da gwiwar hannu, sai ya farka.

Kore. Goma sha bakwai a minti. Layin yana hawa a hankali, yana sauka a hankali.

Na leƙa ɗakin. Katifa tana nan ba zani, filo biyu a kan kujera. Na dawo na tarar da goma sha bakwai.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na kwance sukurori biyun na zare kebul ɗin gaba ɗaya. Ga shi a hannuna, ga layi yana ci gaba da numfashi. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na ce da kaina, ke Injiniya, kamar yadda Baba ke kirana, shekara bakwai kina wannan aiki, kada ki ba da kunya a gaban injin da ya girmi wasu 'yan ofishinku.

Na fara zargin lambobin ƙarya da na yi gwaji da su kafin Kawu ya kawo akwatin. Na buɗe rubutun manhajar a kwamfutata ta aiki na bincika layi-layi. Na goge su tun tuni. Na ɗauko mitar awon wuta na auna fil na biyu, wanda saƙo ke shigowa ta cikinsa. Babu komai. Ƙofar a buɗe take, amma ba mai shigowa.

Abu mafi sauƙi shi ne in rufe taga in sake buɗewa. Ko wanda ya fara koyo jiya ya san wannan. Na ɗora hannu a linzami, sai Inna ta kira ni in kawo wa baƙi ruwa, na tashi da sauri kamar wadda aka ceta.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Kore. Goma sha shida.

Asabar, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Wajen sha ɗaya bangon ya koma toka, ya rubuta BA KOWA A GADO. Na saki ajiyar zuciya har na yi 'yar dariya. Na ce to, ka gane kenan, sannu da zuwa. Na je na yi wanki, na shanya, na dawo zan kashe komai in kai wa Kawu kayansa.

Ina tsaye a gabansa layin ya yi wani tsalle, ya girgiza, kamar yadda yake yi idan an ɗora nauyi a katifa. Bango ya koma kore. Goma sha tara, sannan sha takwas.

Ban ji shigowar Inna ba. Sai muryarta na ji a bayana.

"Wa ya kwanta?"

Na ce ba kowa, Inna, matsalar manhaja ce. Ta wuce ni ta je ta tura ƙofar ɗakin da yatsa, ta daɗe tana kallon ciki. Da ta dawo ta jawo kujerar ɗinkinta ta zauna a gaban allon, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Haka yake yi idan ya samu barci," in ji ta. "Kin ga yadda yake ɗan tsayawa kafin ya sauke? Shekara arba'in ina jin wannan."

Na ce bari in kashe. Ta ce in bar mata shi tukuna.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ba aljani ba ne. Ina ma aljanin ne.

A kusurwar taga akwai wata 'yar lamba mai launin toka da na bari don kaina. Akwatin Kawu yana aiko saƙo goma kowace daƙiƙa, kowane da lambarsa a jere, ita ce take nunawa. Na tsaya da agogon waya na ƙirga. Maimakon goma, biyu take motsawa.

Ga yadda na gina abin. Ma'aikata biyu ne a cikin manhajar. Ɗaya yana bakin ƙofa, duk saƙon da ya shigo sai ya karɓa ya sa a layi. Ɗayan yana ɗauka daga layin yana zanawa a allo. Da farko da an sa ake ɗauka. To ranar Larabar da ta gabaci waccan Talatar likita ya ce zai so ya ga numfashin kwanaki a jere, ni kuma da rawar kai na ce ai abu ne mai sauƙi. Na gyara yadda mai zane ba zai zubar da tsohon layi ba. Ban lura cewa duk saƙo ɗaya sai ya sake bin zanen tun daga farko ba. Kullum zanen yana ƙara tsawo, kullum yana ƙara nawa, na bakin ƙofa kuwa yana ta tara masa. Agogon da na sa a saman taga na kwamfuta ne, ba na saƙon ba, don haka ko da saƙon ya kwana uku a layi, lokacin yanzu zai nuna.

Na raba lambar na lissafa daga ranar Laraba. Abin da muka gani jiya safiyar waccan Lahadin ce, lokacin da ni da Inna muka ɗaga shi muka goge masa jiki muka canza zani. Minti goma sha biyar muka yi. A allo ya ci fiye da awa.

Ba zan yi ɗayan lissafin yau ba.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Matan layinmu sun zo su huɗu. Inna ta sake ba da labarin yadda take ba kowa. Ta fita karɓo magani, ta bar shi yana barci, ga 'yarta a falo tana kallon na'ura.

"Har ƙarshe kore ne," ta ce musu. "Ita ta gani da idonta. Ko juyi bai yi ba, cikin barci abin ya zo. Wannan kaɗai ya ishe ni godiya."

Suka ce Allah sarki, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ɗaya har ta ce ina ma nata 'ya'yan sun yi irin wannan karatu, su sai danna waya suka iya. Na zuba musu shayi.

Ni na faɗa wa Inna haka. Kuma lokacin da na faɗa gaskiya nake faɗa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na yi ɗayan lissafin. Da safiyar Talata, allon yana tsakar ranar Asabar.

Talata, ƙarfe sha ɗaya saura

Mako guda. Oga ya aiko saƙo yana tambaya ko zan iya shiga taron safe, ba dole ba ne, in ji shi. Na ɗauko abin kunne na riƙe, na mayar da shi aljihun tebur. Waccan Talatar ma ina taron safe ne. Awa ɗaya da kwata muna gardama a kan ko wani maɓalli ya kamata ya zama shuɗi. Ina ta waigen allo, kore, kore, ina cewa a raina bari a bar shi ya huta.

Na ce wa Oga sai wani mako.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Kawu ya zo karɓar kayansa. Na ba shi faifan da akwatin da kebul. Ya sa tabarau ya tsaya yana kallon allon, ya kalli kebul ɗin da ke hannunsa, ya sake kallon allon. Inna tana kicin. Na yi masa bayani da ƙaramar murya. Mutumin da ya yi shekara talatin da na'urori bai buƙaci in maimaita ba.

"Layi ya taru," ya ce.

Na ce i.

"Kina ajiyewa a fayil?"

Na ce na yi niyya ban kai ga yi ba. Duk yana cikin ƙwaƙwalwa. Idan aka rufe ko wuta ta yanke, shi kenan.

Ya naɗe kebul a hannu. Can ya ce, "Maɓallin kira fa? Bai danna ba?"

Ban rubuta maganar maɓallin a nan ba sai yanzu. Wani ɗan abu ne kamar makunnin fitila, da waya, muka ɗaura a ƙarfen gado daidai hannunsa na dama. Idan ya danna, kwamfuta ta yi ƙararrawa, bango ya koma ja. Ranar da muka sa shi ya danna sau ɗaya don gwaji, ya ce shi ba zai kira 'yar cikinsa da ƙararrawa kamar baƙon otal ba, yana da baki. Bai sake taɓa shi ba. Ranar Litinin muryarsa ta shaƙe.

Na ce wa Kawu ba ta yi ƙara ba.

"Ta wannan kebul ɗin yake bi," ya ce, ba tambaya yake yi ba.

Na ce i, Kawu. Layi ɗaya.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "'Yata, in da ni ne, sai in zare filogi in ce wuta ce. Ba abin da zai dawo." Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, "Amma ba ni ba ne." Ya bar shayinsa bai sha ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Kore. Goma sha biyar. Litinin da sassafe yake yanzu.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na san hanya uku da zan leƙa ƙarshen layin ba tare da na rufe manhajar ba. Minti goma ya ishe ni. In kwafe ƙwaƙwalwar, in nemi saƙonnin safiyar Talata, in duba gurbi na huɗu, na maɓallin kira, ko sifili ko ɗaya. Na jera kayan aikin a filashi, na sa filashin a aljihu, na yini da shi. Na share falo, na wanke firji, na gyara maƙallin labulen da ya karye tun bara. Gidan nan bai taɓa tsafta irin ta makon nan ba.

Akwai kuma wani abu. Sau biyu kafin Talata na ga BA KOWA A GADO alhali ina jin tarinsa ta bango. Na ce faifan ne ya goce, na shiga na ja shi, bayan wani lokaci ya koma kore, na yaba wa kaina. Tagar ma ta yi nauyi, idan na ja ta sai ta biyo linzami da ƙyar. Na rubuta a takarda: a duba nauyin taga. Takardar tana nan manne a gefen allo da rubutuna.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Yaya ta kira. Inna ta gaya mata tana zama wurin Baba da rana.

"Wurin wa? Ke, me kike yi wa tsohuwar nan?"

Na ce tsohon numfashi ne da ya maƙale, ba wani abu ba.

"To kashe mana! Mutum ya tafi a bar shi ya tafi. Kin mayar da falo gidan kallo."

Na ce Inna ce ta hana.

"Tun yaushe kika fara jin maganar Inna? Da na ce a samo mai jinya ya zauna a ɗakin, wa ya ce ba sai an kawo baƙo ba, ai kwamfuta ba ta gyangyaɗi?"

Ni na ce. Kalma a kan kalma haka na ce. Can sai ta sauko, ta ce ba haka take nufi ba, ta san na yi ƙoƙari, ko masu jinya goma ne ba za su hana abin da ya zo cikin barci ba. Ta ce in ci abinci, muryata ta rame. Na ce murya ba ta ramewa. Ta ce tawa ta rame.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

An ɗauke wuta ƙarfe uku da minti biyar. Akwatin batirin da ke ƙarƙashin tebur ya fara ƙara, tit, tit. Minti arba'in yake iya riƙewa, shi ma lokacin yana sabo. Inna ta fito da gudu da ɗankwali a hannu tana tambayar me ya same shi. Shi ta ce, ba ita kwamfutar ba.

Muka zauna muna kallon fitilar batirin tana sauka daga huɗu zuwa uku zuwa biyu. Inna tana motsa baki. Ni ma ina addu'a, amma in aka tambaye ni wace, ba zan iya rantsuwa ba. Rabin zuciyata tana cewa Allah ka kawo wuta, rabi tana cewa Allah ka bar ta can. Ba ni na zare ba, ba wanda zai ce ni na zare.

An kawo ta ana saura fitila ɗaya. Inna ta ce alhamdu lillahi.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ya ƙara nawa. Numfashi ɗaya yanzu yana cin kusan rabin minti. Layin ya hau, ya hau, ya tsaya a sama har sai ka ji naka ƙirjin ya cika, sannan ya gangaro. Na kama kaina ina bin sa har jiri ya ɗebe ni.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mako biyu. Ba abin rubutawa.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Inna tana kafa maɓalli a wata riga a gaban allon, ba ta ɗago ba ta ce in zo in yi mata bayani yadda za ta gane, ban da turancin nan nawa. Na ce kamar ɗinki ne, Inna. Masu kawo yadi suna kawowa kullum, mai ɗinki kuma hannunta ya yi sanyi, sai kaya suka taru. Wanda take ɗinkawa yau, na makon jiya ne.

"To yanzu na wace rana take ɗinkawa?"

Na ce Litinin da yamma ta wuce, an doshi Talata.

"Za ta kai ƙarshe?"

Na ce Asabar ko Lahadi, in ba a kashe ba.

Ta ciji zare ta tsinke. Ta juya rigar ta duba bayan ɗinkin. Inna aji huɗu ta yi a makaranta, amma ba a taɓa cutarta a awon yadi ba, ko da rabin inci.

"Wato wanda kike kallo ran nan," ta ce, "ba na ranar ba ne."

Na ce ba na ranar ba ne.

Ta zare wani zaren ta lashi bakinsa, ta sa a allura tun karon farko. Ta ci gaba da ɗinkinta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Wata ƙawarta ta zo daga nesa, ba ta samu zuwa da wuri ba. Ta ce ta ji an ce cikin barci ne. Inna ta ce, "Haka aka ce." Ta tura mata faranti.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na zare wayar lasifika daga bayan kwamfuta. Bangon ba yadda zan yi da shi, amma aƙalla ba za a ji ba. Na tura wayar bayan tebur yadda za ta yi kamar faɗuwa ta yi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ina yanka albasa Inna ta leƙo kicin.

"Na ga wata waya ta fita a bayan abin nan naki, na mayar. Ramin kore ne, ko?"

Na ce shi ne.

"Na ce ko," in ji ta, ta koma falo.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Garin Talata ya waye masa. Goma sha takwas.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Layin ya yi motsin da yake yi idan an ɗaga kansa. Inna ta ce nan ne take ba shi ruwa da cokali. Ta ce ya kama gefen mayafinta, ta sunkuya, da ƙyar ta ji me yake cewa, wai ta biya ta sayo masa lemo. Ta ce ta sayo. Yana cikin firji har ran da na wanke firjin na zubar. Ban san nasa ba ne.

Wataƙila sifili ne. Wataƙila gurbi na huɗu sifili ne tun daga farko har ƙarshe, ya yi barcinsa, ni kuma na kashe kaina da tunani a banza. Na rubuta wannan don in gani a rubuce.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ƙarfe goma saura kwata. Inna tana kujerar ɗinki, ni ina kujerata, inda nake ran nan. Lambar ta fara hawa, ashirin da biyu, ashirin da shida. Sai bango ya juye ja, ƙararrawa ta buga. Ni na zaɓi sautin, mai daɗi na nema, kamar na ƙofar gida. A tsakiyar allo da manyan baƙaƙe: BABA YANA KIRA.

Inna ta zabura har rigar da ke cinyarta ta faɗi. Ta yi taku ɗaya ta tsaya. Ta dafa tebur, ta koma ta zauna a hankali.

"Ya san na fita," ta ce. Idonta yana kan allo. "Ke yake kira."

Na ce Inna, ki yi haƙuri, Inna.

"Ba ni za ki ba amsa ba. Tashi ki je."

Na tashi. Daga kujerata zuwa gadon taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga ba da niyya ba. Katifa ba zani, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kanta. Na durƙusa a gefen dama inda wayar maɓallin ta bar alama a ƙarfe. Na ce na'am, Baba. Ga ni.

Aka daɗe. Ta sake bugawa daga falo. Na ce na'am. Ta uku da ta huɗu kusa da juna suke. Na ba shi labarin abin da nake yi a lokacin, na gaya masa maganar maɓallin shuɗi, na gaya masa maganar takardar da na manna. Na ce masa laifina ne, ba na Kawu ba, ba na na'ura ba. Tsakanin ta bakwai da ta takwas na zaci an gama, har na miƙe, sai ta buga, na koma na durƙusa.

Sau tara ne. A wurinmu ya ci awa ɗaya da rabi da 'yan kai. Duk na amsa.

Can na ji takun Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, fuskarta a jiƙe.

"Layin ya kwanta," ta ce. "A wurinsa minti nawa ne?"

Na ce goma sha biyu.

Ta gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali, goma sha biyu. Ta ce, "Ba zan ce miki ba komai ba, don ƙarya zan yi. Ki ba ni lokaci. Kuma yayarki daga bakinki za ta ji, yau, ba daga nawa ba."

Na ce to.

Lahadi, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kira Yaya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta ce gobe tana hanya, ta kashe.

Inna ta ce yanzu a rufe. Na kai linzami kusurwa na danna, tagar ta ɗauki lokaci kafin ta amsa. Sai wani ɗan akwati ya fito wanda na manta na rubuta shi, don kada wani ya rufe bisa kuskure: Kin tabbata za ki daina lura da Baba? Maɓalli biyu a ƙasa, I da A'a.

Inna ta matso da fuskarta kusa da allon ta karanta a bayyane, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yadda take karanta takardar magani. Ta miƙe ta ɗauki rigarta daga ƙasa ta kakkaɓe.

"Danna," ta ce.

Na danna.